Sikelin Sharada da ke sandarewa: nazarin gyaran wani direban USB a Linux

A wata matsakaiciyar masana'antar casar shinkafa da ke Sharada a Kano, duk buhun shanshera da ya shigo daga Kura ko Bunkure sai ya hau sikeli kafin a sallami dillali. Sikelin na lantarki ne, kansa yana haɗe ta wayar USB da wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, wadda ke karanta nauyi, ta tara jimilla, ta ajiye lissafi. An daɗe ana aiki da Pi Zero ba wanda ya yi kuka. Da harka ta buɗe sai mai masana'antar ya sa aka musanya ta da Pi 3, don a samu ramukan USB na firintar rasit da kuma wayar netwok zuwa ofis. Aka kuma ɗora ta a kan inbata da batir, kada ɗauke wuta ya riƙa katse lissafi. Kan sikelin shi aka bari a layin injina, wanda ke sauyawa tsakanin wutar gari da janareta. Daga wannan gyara fitina ta soma.

Kwamfutar takan yi kwanaki lafiya lau, sannan ta fara nauyi, rasit ya riƙa jinkirin fitowa. Wani lokaci manhajar awon ta rufe da kanta. Ƙarshenta dai komai ya tsaya cak: allo ya sandare a kan nauyin buhu na ƙarshe, kibod ba ya amsawa, daga ofis ma ba a iya shiga ta netwok. Sai an zare wuta an mayar. A ranar da tirela biyu ke tsaye a ƙofa, 'yan dako na jira da buhu a ka, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Wanda abin ya fi ci shi ne akawun da ke zaune a gaban sikelin. Idan na'ura ta tsaya da hannu yake rubuta rasit, kuma rasit na hannu shi ke jawo zargi. Dillalai suka fara raɗe-raɗin cewa shi ke kashe ta da gangan don a rage musu kilo, shi ma Alhaji mai masana'antar ya fara yi masa wani irin kallo. Lokacin da aka kira ni, tare da wani matashi da ke koyon aiki a wurina, tuni an canza katin SD, an sayo sabuwar caja da sabuwar waya a kasuwar waya ta Farm Centre, an sa wa Pi ɗin fanka saboda zafin bazara. Waɗannan duka zato ne mai ma'ana, domin Pi tana rage gudu idan zafinta ya kai wajen digiri 80, kuma raunin caja na sa ta yin abubuwa marasa kan gado. Amma umarnin vcgencmd get_throttled, wanda ke faɗin ko an taɓa samun ƙarancin wuta ko rage gudu tun da aka kunna, sifili ya nuna. Muka ajiye batun zafi da caja.

Yadda direban yake

Kan sikelin ba ya magana da yaren da Linux ta riga ta sani. Kamfanin da ya ƙera shi ya bayar da direbansa, wato manhajar da ke shiga cikin kanel, zuciyar Linux, ta tsaya tsakanin na'ura da sauran tsarin. Sa'ar da aka yi ita ce sun bayar da rubutun C ɗinsa, fayil guda wanda bai kai layi dubu ba. Manhajar awon kuwa a rufe take, ba mu da rubutunta, kuma ta wannan direban kaɗai ta san ta yi magana da sikeli. Da ni za a tambaya, na'urar da ke turo 'yan bayit na nauyi ba ta da dalilin shiga kanel ko kaɗan. Da libusb, kayan aikin da manhajoji ke magana da USB ta cikinsa, za a karanta ta daga wajen kanel, inda kuskure ba zai wuce ya kashe manhaja ɗaya ba. To amma abin da aka tarar ke nan.

Aikin direban hanya biyu ne. Ta farko: yana miƙa wa sashen USB na kanel wata buƙata da ake kira URB, tare da mazubin memori mai bayit 4096, ya ce idan sikeli ya turo wani abu a zuba a nan. Idan an cika buƙatar, kanel na kiran wani aiki na direban, mai karɓar sakamako. Shi wannan yana gudana ne a yanayin katsewa, wato an tsayar da duk abin da firosesa ke yi don a saurari na'ura, kuma a wannan yanayi haramun ne a yi barci ko a jira wani. Mai karɓar zai jera mazubin a layi, ya nemi sabo, ya sake miƙa buƙata. Hanya ta biyu: idan manhajar awo ta zo karatu, direban zai ciro mazubi daga layin, ya kwafa mata, ya saki memorin. Tunda hanyoyi biyu na taɓa layi ɗaya, marubucin ya sa kulle, spin_lock, irin wanda mai jiransa ba ya kwanciya, a tsaye yake ta zagaye har a buɗe.

Ido kawai ya isa ya ga wani abu a nan, amma na hana yaron taɓa komai tukuna. Gyaran da ba ka ga cutar da idonka ba, ba ka da hujjar cewa shi ya warkar.

Samun shaida

A Pi 3 samfurin B, ramin netwok da ramukan USB duk a bayan guntu ɗaya suke, LAN9514, wanda shi kansa a kan USB yake rataye. Shi ya sa idan USB ya mutu kibod da netwok ke binsa tare, kuma ba a samun komai a rajista tunda ba a kai ga rubuta shi a kati ba. Mafita ita ce tsohuwar hanya. Muka sa enable_uart=1 a config.txt, muka jona wayar siriyal a fil na 8 da na 10 na jikin Pi ɗin da kuma fil na ƙasa, a gudun 115200, muka bar wata tsohuwar laftof a ƙarƙashin teburin akawu tana kwashe duk abin da kanel ya furta. Muka kuma sa ɗan rubutu yana ajiye abin da ke cikin /proc/meminfo lokaci zuwa lokaci.

Tun kafin ta sake sandarewa lambobin suka fara magana. Layin SUnreclaim, wato memorin da kanel ya riƙe wa kansa wanda ba a iya karɓewa, yana hawa, kuma ba a hankali yake hawa ba. Sai ya yi awoyi a wuri ɗaya, sannan ya yi tsalle da megabayit goma-goma, ya sake tsayawa. Bai taɓa sauka ba. Umarnin slabtop ya nuna duk ƙarin a rukunin kmalloc-4k yake, daidai girman mazubin direban.

Akawun ne ya warware mana lokutan tsallen. Da muka karanta masa su, ya ce, "Injiniya, ai wannan lokacin da ake tayar da janareta ne. Wannan kuma da aka dawo da wuta bayan la'asar." Shi ya san su domin a lokutan ne lambobin kan sikelin ke yin rawa.

Da sandarewar ta zo, laftof ta kama saƙon RCU, wani sashe na kanel, cewa ƙwaƙwalwa ta 0, ta farko cikin ƙwaƙwalen firosesa, ta daina amsawa, kuma sawun kiran, wato jerin ayyukan da ta biyo, ya nuna tana cikin mai karɓar sakamako na direban, tana jiran kulle. A ƙarƙashinsa, a kan wannan ƙwaƙwalwar dai, ga aikin karatu na direban, cikin kmalloc, aikin da ake neman memori da shi a kanel.

Kuskure uku da suka haɗa kai

Na farko yoyon memori ne. Idan wuta ta yi rauni a lokacin sauyi, kan sikelin ba ya mutuwa gaba ɗaya. Pi tana ganin har yanzu yana jone, amma ba ya amsawa daidai, sai buƙatar ta dawo da kuskure mai lamba -71, wato EPROTO. A wannan hali mai karɓar sakamako yana neman sabon mazubi ya sake miƙa buƙata nan take, kamar yadda yake yi idan an yi nasara, sai dai tsohon mazubin bai shiga layi ba, ba a kuma sake shi ba. An rubuta adireshin sabo a kan nasa, ya ɓata har abada. Lissafin mai sauƙi ne. Na'urar USB mai gudun megabit 12 ana iya tambayarta sau ɗaya a kowace milisakan, wato har sau dubu a daƙiƙa. Dubu sau bayit 4096 kimanin megabayit 4 ke nan a daƙiƙa. Pi 3 gigabayit 1 gare ta. Idan aka tara daƙiƙoƙin rawar wuta suka kai minti huɗu da 'yan kai, memori ya ƙare, ko da a cikin mako biyu aka tara su.

Wannan yoyon yana nan tun zamanin Pi Zero, mai megabayit 512 kacal. Abin da ya rufa masa asiri shi ne ita ma Zero a layin injina take: wuta na ɗaukewa ta mutu tare da sikelin, ta tashi da memori sabo fil. Ɗauke wutar Kano ce ke yi mata magani kullum ba wanda ya sani. Inbata ta zo ta raba su, ɗaya ya suma ɗaya yana farke yana ta kiransa.

Na biyu, aikin karatu yana riƙe da spin_lock yake kiran kmalloc da alamar GFP_KERNEL, don ya sami wurin kwafe na wucin gadi. Ma'anar GFP_KERNEL ita ce: idan babu memori a kusa, na yarda in jira, a kwashe wasu shafuka zuwa kati, a matse ma'ajiya, ko barci ne zan yi. Mai riƙe da spin_lock kuwa ba shi da izinin barci, domin duk mai jiransa a tsaye yake yana ƙona firosesa. Abin da ke sa irin wannan kuskure daɗewa a ɓoye shi ne idan memori na nan a wadace kmalloc ba ya jira ko kaɗan, nan take yake dawowa. Mutum zai gwada direbansa wata guda a kan tebur bai ga komai ba.

Na uku shi ne mai kisan. Kullen da mai karɓar sakamako ke ɗauka a yanayin katsewa, shi aikin karatu ke ɗauka da spin_lock tsura, ba tare da ya toshe katsewa ba. A ce aikin karatu yana kan ƙwaƙwalwa ta 0, ya ɗauki kulle, sai sikeli ya turo nauyi. Firosesa za ta dakatar da shi ta shiga mai karɓar sakamako, shi kuma ya nemi kullen nan ya tarar a rufe, ya tsaya jira. Wanda zai buɗe ba zai motsa ba sai katsewar ta ƙare, katsewar ba za ta ƙare ba sai an buɗe. Kamar a ce wa mai riƙe da makullin sito ya tsaya inda yake kada ya ɗaga ƙafa sai an sallami baƙo, alhali baƙon abin da ke cikin siton ya zo ɗauka. An yi cirko-cirko, kuma babu ranar rabuwa.

Me ya sa Zero ba ta taɓa yin haka ba? Ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, kuma kanel ɗin da ake harhaɗa mata na firosesa guda ne, inda spin_lock ba ya zagayen jira sam, kusan fanko ne. A can abin da kuskuren zai iya haifarwa shi ne lalata layin mazubai jefi-jefi. Pi 3 ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, kullen na gaske ne. Sannan a wannan allo katsewar na'urori duk ƙwaƙwalwa ta 0 suke zuwa, kamar yadda /proc/interrupts ke nunawa, shi ya sa idan ta maƙale katin SD da USB da netwok ke tafiya tare.

Inda ukun suka haɗu ya fi komai ban sha'awa a wurina. A ranar da memori ke wadace, aikin karatu yana riƙe kullen na 'yan mikrosakan ne, sai an yi rashin sa'a sosai katsewa za ta faɗo daidai cikin wannan ɗan tsakani kuma a kan ƙwaƙwalwa ta 0. Da yoyo ya cinye memori, kmalloc ya koma yin doguwar fafutuka a cikin kullen, tsakanin ya buɗe daga mikrosakan zuwa milisakan masu yawa, ga sikeli na turo saƙo ba ƙaƙƙautawa. Abin da a da sai an dace, yanzu ya zama dole. Rufewar manhajar da ake gani kafin nan kuwa aikin mai kashe manhajoji ne na kanel, wanda ke zaɓar wadda zai yanka idan memori ya ƙare. Yana yanka ta a banza, tunda ba ita ke riƙe da memorin ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake sabo. A 2001 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Dawson Engler, sun bi rubutun Linux da manhajar bincike, suka tarar kurakurai a direbobi sun ninka na sauran kanel sau uku zuwa bakwai, kuma kiran aiki mai barci alhali ana riƙe da kulle yana cikin nau'o'in da suka ƙirga. Direbobin da ke cikin kanel na hukuma sun samu masu dubawa tun daga lokacin. Wanda kamfani ya miƙo maka a faifai ba wanda ya taɓa duba shi.

Tabbatarwa a kan tebur

Alhaji ya ba mu aron wani kan sikeli na ajiya. Muka harhaɗa kanel na gwaji da abubuwa uku a kunne: CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, CONFIG_PROVE_LOCKING da CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK.

Karatun farko da manhaja ta yi, saƙo ya fito: "BUG: sleeping function called from invalid context", da sunan aikin karatu a sawun. Ba sai memori ya ƙare ba, domin binciken farko cikin ukun ba ya jiran a yi barcin, ya ishe shi a kira aikin da ke da halin yin barci. Na biyun, wanda aka fi sani da lockdep, wanda Ingo Molnar ya jagoranci rubutawa ya shiga kanel 2.6.18 a 2006, haka shi ma yake. Yana lura da yanayin da aka ɗauki kowane kulle. Da ya ga an ɗauki wannan sau ɗaya a cikin katsewa, sau ɗaya kuma a waje katsewa na buɗe, sai ya buga "inconsistent lock state" ya zana yadda cirko-cirkon zai kasance, tun bai faru ba. Abin da masana'anta ke jira makonni kafin ya bayyana, daƙiƙoƙi ya ɗauka. Abu ɗaya da za a kiyaye: lockdep yana kashe kansa bayan rahoton farko, don haka sai a gyara, a sake kunna na'ura, a ga ko akwai na gaba.

Yoyon kuma da hannu muka kwaikwayi janareta, muna sassauta filogin kan sikelin muna mayarwa, wayar USB na jone. Sannan muka rubuta scan a cikin /sys/kernel/debug/kmemleak. Shi kmemleak, aikin Catalin Marinas da ya shiga a 2009, yana bin memori yana neman abin da aka ware amma babu sauran mai riƙe da adireshinsa. Ya jero su rututu, kowanne bayit 4096, kowanne daga layi ɗaya na mai karɓar sakamako.

Gardamar GFP_ATOMIC

Yaron nawa ya zo da faci cikin minti kaɗan. Ya canza GFP_KERNEL zuwa GFP_ATOMIC, ya harhaɗa, saƙon barcin ya ɓace. "Oga, kalma ɗaya ce fa," in ji shi, yana murna.

Ba laifi ya yi ba, kuma akwai wuraren da wannan shi ne gyaran da ya dace. Amma a nan ban karɓa ba, kuma na ba shi dalilai. GFP_ATOMIC na nufin ba zan jira ba, a ba ni daga ɗan tanadin gaggawa, in babu a ce babu. Tanadin nan kaɗan ne, kuma an ajiye shi ne don masu buƙatar da ba su da zaɓi, irin katin netwok da fakiti ya iso masa a tsakiyar katsewa. Aikin karatu yana da zaɓi: manhaja ce ta kira shi, yana da cikakken izinin barci muddin bai riƙe kulle ba. Kuma GFP_ATOMIC ya fi saurin dawowa hannu rabbana, ga shi direban ba ya duba ko abin da kmalloc ya dawo da shi fanko ne. Da mun bar facin nan, da mun sauya sandarewa da faɗuwar kanel a kan adireshin sifili, a daidai ranar da memori ya yi ƙaranci. Tambayar da na ce ya riƙa yi wa kansa ita ce me ya sa ake neman memori a cikin kulle tun farko. Sau da yawa amsar ita ce marubucin ya ɗauki kulle a farkon aiki ya sake shi a ƙarshe don ya huta da tunani.

Muka raba gyaran faci-faci, kowanne da cutarsa, don idan wani abu ya lalace a san wanda ya jawo. Na farko ya fitar da kmalloc zuwa gaban kulle, ya ƙara duba sakamakonsa, ya mayar da kuskuren rashin memori, ENOMEM, idan babu. Na biyu ya canza spin_lock zuwa spin_lock_irqsave a aikin karatu, wanda ke toshe katsewa a kan wannan ƙwaƙwalwar har a saki kullen. Na uku ya hana neman sabon mazubi idan buƙata ta dawo da kuskure, a sake amfani da wanda ke hannu.

Na ukun bai tsaya nan ba, domin sake miƙa buƙata sau dubu a daƙiƙa ga na'urar da ta suma ɓarna ce ko babu yoyo. Muka duba yadda usbhid, direban kibod da linzami na kanel, ke yi: idan ya ga irin wannan kuskure yakan ɗan dakata kafin ya sake gwadawa, yana ƙara tsawon dakatawar, idan abin ya ƙi ya sa a yi wa na'urar riset. Muka bi sawunsa da aikin jinkiri. Idan kuma lambar kuskuren ENOENT ce, ko ECONNRESET, ko ESHUTDOWN, ma'anarta an soke buƙatar ne ko na'ura ta tafi, ba a sake miƙawa.

Na huɗu da ba mu zo nema ba

Muna cikin wasa da filogi sai yaron ya zare wayar USB ɗin gaba ɗaya manhaja na karatu, kanel ya yi tari. Wannan ya sa muka koma laftof, muka harhaɗa kanel da KASAN, wanda ya shiga Linux 4.0 a 2015 kuma yake kama duk taɓa memorin da aka riga aka saki. Yana cin kashi ɗaya cikin takwas na memori don lissafinsa, ga nauyi, shi ya sa ba mu ɗora wa Pi ba. Zarewa ɗaya ya buga "use-after-free". Aikin da kanel ke kira idan an cire na'ura yana sakin tsarin bayanan direban nan take da kfree, alhali manhaja na riƙe da fayil ɗin a buɗe, kuma za ta dawo ta karanta.

Maganin wannan yana rubuce a cikin kanel ɗin kansa, a fayil ɗin usb-skeleton.c, samfurin direba da Greg Kroah-Hartman ya rubuta don masu farawa. Ana sa ƙidayar masu riƙe, kref: jona na'ura ɗaya, kowane buɗe fayil ƙarin ɗaya, ba a sakin memori sai ƙidaya ta koma sifili. Jerin matakai a lokacin cirewa shi ma sai an kula, musamman da muka ƙara aikin jinkiri wanda zai iya farkawa ya sake miƙa buƙata ga na'urar da ba ta nan. Muka fara da usb_poison_urb, wanda ke soke buƙatar ya kuma hana a sake miƙa ta, sannan cancel_delayed_work_sync, sannan a tashi duk mai jiran karatu a ba shi ENODEV, wato babu na'ura, sannan a rage ƙidaya. Biyun farko duk suna iya barci, saboda haka ba a kiransu da spin_lock a hannu. Mutane da yawa a nan suke sake faɗawa ramin da suka fito.

Bayan an tabbatar faci huɗun suna aiki, na yi abin da tun farko nake so. Na cire layin mazubai ɗungurungum na sa kfifo, ma'ajiyar zobe da ake warewa sau ɗaya lokacin jona na'ura. Mazubin URB ya koma bayit 64, iyakar abin da irin wannan na'ura ke iya turowa a fakiti ɗaya. Mai karɓar sakamako ba ya neman memori kuma, kwafewa kawai yake yi. Tunda mai zubawa ɗaya ne, idan mai ɗiba ma ɗaya ne kfifo ba ya buƙatar kulle tsakaninsu. Mutex guda, wani nau'in kulle, ya isa ya sa masu karatu su bi layi, shi kuwa ana barci a ƙarƙashinsa ba laifi. Idan zoben ya cika, sabon karatu ake zubarwa a ƙirga shi, wanda ba ya faruwa sai manhaja ta daina karatu. Direban ya rage tsawo. Muka kunna failslab, mai sa kmalloc ya riƙa ƙin bayarwa da gangan, don mu bi hanyoyin kuskuren da ba a taɓa takawa ba, muka kuma bar kanel na gwaji yana aiki ana ta zare waya da filogi. Lockdep da KASAN da kmemleak ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Komawa Sharada

Da na yi wa Alhaji bayani a taƙaice, ya yi tambayar da duk ɗan kasuwa zai yi: "To Injiniya, da an riƙa kashe ta kowane dare ana kunnawa, ba shi ke nan ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da ya rage, amma ba zai hana ba." Kashewar dare tana share yoyon jiya ne kawai. Ranar da wuta ta yi ta rawa tun safe, kafin azahar memori zai iya ƙarewa, kuma cirko-cirkon kullen yana iya faɗowa ko memori na nan, sai dai da wuya. Na kuma buga masa jadawalin SUnreclaim a takarda, tsalle-tsallen a gefe guda, lokutan tayar da janareta daga littafin mai kula da injin a ɗaya gefen, na ce ya nuna wa dillalai. Akawun ba shi da hannu a ciki, kuma shi ne ma ya gano mana alaƙar.

An mayar da kan sikelin kan inbata tare da Pi, wanda shi kaɗai ya kusa kawar da kuskuren -71. An sa direban a ƙarƙashin DKMS don ya sake harhaɗuwa idan an sabunta kanel, an kuma bar ɗan rubutun nan yana aika adadin SUnreclaim zuwa ofis kowace safiya. Layin a miƙe yake tun daga lokacin, har cikin kakar girbi da aiki ya fi yawa. Mun tura facin ga kamfanin da ya ƙera sikelin ta hannun wanda ya sayar da shi, tunda duk mai irin wannan kan sikeli a kan kwamfuta mai ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya yana ɗauke da cutar, amma ba amsa. Akwai kuma wani ioctl, wato umarni na musamman da manhaja ke ba direba, na daidaita sifilin sikeli da ke karɓar tsawon bayani daga manhaja ba tare da ya duba iyaka ba. Mun sa masa iyakar bayit 64, sai dai ba mu taɓa sauran halinsa ba, domin ba mu da rubutun manhajar da za mu ga abin da take tsammani daga gare shi.